Shekara Biyu-Biyu

Ƙarfe ukun dare wayar ta yi ruri,
sanyin Jos ya riga ni sauka daga gado.
Can wajenku yanzu kika taso daga aiki,
Suwaiba, da Hausarki da ta karkace
kamar ƙyauren langa-langa bayan ruwan Agusta.
"Kaka, sun sabunta."
Na ce alhamdu lillahi. Na ce har yaushe?
Kika ce shekara biyu.

Shekara biyu.
Ni da na tsufa a kasuwar Farin Gada
na san haya, na san aro, na san jingina,
ban taɓa jin inda ake auna wa mutum ƙasa da mudu ba,
a shafe baki, babu gyara,
a ce in ya ƙare ki dawo ki sake bin layi.

Kina shekara huɗu uwarki ta goya ki.
Takalminki ɗaya ya faɗi a tashar motar Abuja,
ja ne, mai maɓalli.
Yana nan cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwana.
Wa ya yi shawara da ke? Wa ya ce sa hannu nan?
Yaro bai san wata iyaka ba sai bakin zanen uwarsa.
Bizar wata shida ta mutu kina famfarar haƙori,
laifin da ba naki ba ya tashi tare da ke,
kwano ɗaya, makaranta ɗaya,
har ya fi ki tsawo.

Ubana da ƙafa ya shigo garin nan daga Damagaram.
Baturen kuza bai ce ina takardarka ba,
damtsensa ya duba, ya miƙa masa kwano.
Ramukan da suka haƙa suna nan a hanyar Bukuru,
sun cika da koren ruwa,
shi kuma ƙasar nan ta cinye shi tun tuni.
Amma ranar da na je neman shaidar asali
wani yaro sa'an jikana ya dube ni ta saman tabarau
ya ce, Mama, ku 'yan ina ne?

To kin ga, gado kika yi.

Yanzu kina juya tsofaffin wasu a asibiti,
kina ba su abinci a baki, kina yanke musu farce,
da kati a aljihu mai ranar lalacewa
kamar kwalbar maganin tari.
Ni nan Lantana ce ke shafa mini man zafi,
in ta tuna.

Da Malam ya rasu kin ce za ki zo,
lauya ya ce in kin fita ƙofa na iya rufewa.
Lukmanu ya ɗaga waya a zaure
don ki ga makara tana fita.
Kati ya ƙare kafin a kai bakin layi.
Aka ce kin ci gaba da kira, kina kira,
mu muna can ana zuba ƙasa.

Kin ce wani alƙali a garin da ba ki taɓa takawa ba
yana iya karya kumallo, ya goge baki,
ya ce a daina.
Kin ce akwai jaka a bayan ƙofarki
da ba ki taɓa kwancewa ba.

In sun koro ki, ɗakin uwarki na nan,
sai dai rufin yana yoyo ta gabas.
Yaran unguwa za su yi wa bakinki dariya,
za ki ɓata tsakanin Gangare da Dilimi,
nan ma wani zai ce ina takarda.
Ban san wanne zan roƙa miki ba,
don haka nake cewa Allah ya zaɓa,
in yi shiru.

Shekara biyu, kika ce, kina murna.
Na taya ki.
Sai da kika kashe na zauna a bakin gado,
na lalubi buta da ƙafa cikin duhu.
Ke ko ba komai an rubuta miki rana, 'yar nan.
Ni ba a faɗa mini
nawa aka sabunta mini ba.