Takardar da Ta Yi Baƙi

An kawo shi da hantsi a bayan mota,
lulluɓe da bargonsa:
Gonda, mai gadin sito a Kasuwar Dole.
Kafin gawa ta iso asibiti
labari ya gama zagaya Zango:
an ba shi a shayi.

Ƙanwarsa Cima ta tsaya bakin tagata.
Ba ta kuka, ta wuce nan.
"Mutari ne. Jiya sun yi cacar baki
kan dala arba'in ta bashin burodi.
Ki rubuta."
Mutari kuwa yana kwamisariya tun asuba,
an kwashe buta, an kwashe kofuna,
har gwangwanin sukari an manna masa lamba.

Kwalba uku aka ajiye mini:
jini, fitsari, da abin da ciki ya riƙe.
Mamaci ba ya rantsuwa,
sai dai yakan amsa idan an iya tambaya.

Na fara da abin da gari ya saba zargi.
Na tsoma tsinken gwaji, na jira layi ya fito.
Tramol, babu.
Ƙwayar barci, babu.
Giya kuwa, jinin nan bai taɓa saninta ba,
ko da maƙwabta sun so a ce ya sani.
Guntun da ya rage a gindin buta
shayi ne, da na'a-na'a, da sukarin da ya yi yawa.

Likita ya leƙo ya ce huhu cike da ruwa,
kamar wanda ya nutse.
Nutso, a Damagaram,
inda muke sayen ruwa jarka-jarka!

Wuta ta ɗauke.
Na zauna ina fifita da kwali,
ina kallon duwatsun Birni suna shanya ruwan daren jiya.
A nan ne hanci ya riga karatu.
Bargon da aka jefar a lungu
yana warin tafarnuwa,
da wani abu kamar kifin da ya kwana.
Cima ta ce fura ya sha, bai ƙara komai ba.

Da la'asar na hau kabu-kabu,
ɗan sanda na biye yana mita.
Buhun wake ɗari biyu suna jiran tsada,
a tsakaninsu ƙwayar bom ƙulle cikin tsumma
don kada ƙwaro ya ci riba.
Tabarmar Gonda kullum a waje take.
Jiya hadari ya taso,
ya ja ta ciki, ya tura ƙyaure.

Na jiƙa farar takarda da ruwan azurfa,
na ɗaura a kara, na zura ta ƙarƙashin ƙofa.
Ban kai ƙirga ɗari ba
ta dawo baƙa wuluk.
Ɗan sandan ya ja da baya, ya toshe hanci da hula.

Na rubuta layi huɗu, na buga hatimi.
Ban sa sunan kowa ba sai na iska.
Mai waken yana Maraɗi, waya ba ta shiga.

Cima ta karɓi takarda, ta juya ta baya
kamar amsar tana can.
"To ni wa zan riƙe?"
Na duba kantar kwalabe daga sama har ƙasa.
Ba ni da ruwan da ke gwada wannan.

An saki Mutari ran Laraba.
Da dare na bi ta teburinsa,
benci biyu, ba kowa sai mage.
Takarda ta wanke shi a ofis,
unguwa ba ta karanta ba tukuna.
Na ce a haɗa mini, kada sukari ya yi yawa.
Ya zuba, ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa,
sannan, ba tare da ya dube ni ba,
ya kai kofin bakinsa ya kurɓa
kafin ya miƙo mini.