Gyara Daga Lodz

Ƙarfe ɗaya na dare, ruwa na dukan tagogin Hull.
Doreen ta yi barci tun goma,
ni kuwa ina kasuwar da ba ta tashi,
kasuwar cikin waya, ba rumfa, ba ɗan dako,
ina cinikin sojoji da yatsa ɗaya.

Ba na manyan kamfanoni nake so ba,
masu fuska iri ɗaya kamar ƙwai a kwali.
Wani ne, Leszek, can a Lodz,
yake zuba nasa da dalma a bayan gareji,
kowane soja bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.
Hotunansa dishi-dishi, a kan tsohon tawul,
gefe guda kana hango kofin shayinsa.
Mutum sha tara sun yaba shi, ɗaya ya zage shi.
Zagin na karanta sau uku.
Amma da rashin tayi akan bar arha:
na taya, ya sallama,
fam talatin da takwas har kuɗin aike.

Mako biyu, shiru.
Mako uku, aka ce rundunata na kwance a kan iyaka
tana jiran hatimi.
Ran Alhamis, a ɗakin bayan coci
inda muke shimfiɗa koren bargo mu kira shi fagen fama,
Clive ya karkaɗa 'ya'yan lido a tafinsa, ya ce,
"An yi maka sakiyar da ba ruwa, tsoho."

Sai ga kwali, ya sha wuya, kusurwa ɗaya a lotse.
Ciki jarida ce da ban iya karantawa ba,
da safar ƙafa mara 'yar'uwa.
Na zazzage su a tebur, na ƙirga.
Ashirin da huɗu na biya.
Ashirin da biyar suka zo.
Gyaran kuwa mai ganga ne.

Na ɗauko madubin ƙara girma.
Wannan hancinsa a karye, wancan da wushirya,
ɗaya kumatu kamar ya ɓoye alewa.
Na rubuta wa Leszek: su wa ka aiko min?

Amsa ta zo da Turancin na'ura, tana ɗingishi:
"Mai karyayyen hanci maƙwabcina ne.
Mai tuta, shi ke cire min haƙori.
Mai ganga ƙanena ne, Witold.
Shekara tara ba ma ga maciji
kan gidan da uwarmu ta bari.
Ina saka shi a kowane kwali, kyauta.
Yanzu yana ƙasashe sha ɗaya.
Don Allah kada ka sa shi sahun gaba."

Dare uku na yi a kansa.
Burushi mai gashi kamar na girar jariri,
shuɗi a riga, ja a bakin ganga,
na riƙe numfashi na ɗiga masa ido.
Na hagun ya ɗan karkace. Na bar shi haka.

Alhamis ta zagayo.
Igwoyin Clive suka yi wa mutanena yankan alkama.
Maƙwabci ya faɗi, mai cire haƙori ya bi shi,
tuta ta kwanta a gefen kogin leda.
Clive ya miƙa tef ɗin awo, ya ce,
"Fito da mai ganga, ko ka tsira da kunya."
Na ce yana nan inda yake,
bayan tudun soso, inda harsashi ba ya kai.
Aka cinye ni tas kafin shayi ya huce.

A gida Doreen ta ɗaga shi kusa da fitila,
ta daɗe tana juya shi a tafin hannu.
Ta ce, "Kai ma fa kana da lambar Keith,
gada ɗaya ce tsakaninku."
Na ce ta ajiye shi a hankali,
fentin bai gama bushewa ba.