Tsirkiya ta Huɗu

A Bur Sudan, bayan la'asar,
in iskar teku ta leƙo shagon da nake gyaran fanka,
yatsun hannuna na hagu kan farka da kansu,
su hau taka wuyan sukundireba
kamar akwai tsirkiya a jikinta.

Mu biyar ne.
Ohaj a kan ganguna, ɗan duwatsun Sinkat,
wanda bai taɓa zuwa kan lokaci ba sai a cikin kiɗa.
Babikir da jar jitarsa,
kuɗin keken yayansa ne, har yau ba a biya ba.
Mikha'il mai saksafon, ɗan mai sayar da agogo.
Tijani mai rera Turancin da bai san fassararsa ba,
amma yana kuka daidai inda ya kamata.
Sai ni, Barmo,
jikan mutumin da ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka,
teku ta tare shi,
ya jingine sanda, ya ɗauki buhu a tashar jirgi.
Ni aka ba babbar jita mai tsirkiya huɗu,
wai ni ke da kafaɗar dako.

Faifan farko wurin wani kukun jirgi muka same shi,
kwandon mangwaro muka bayar.
Muka juya shi har allura ta haƙa masa rijiya.

Inna ta ji a unguwa wai bulus ya ɗauke mini hankali.
Ta tsare ni bakin murhu:
"Wane ne Bulus ɗin nan? Ɗan gidan wa?"
Na ɗauko jita na kaɗa mata a hankali.
Ta bar tuƙin tuwo, muciya a tsaye cikin tukunya.
Can ta ce, "Wannan ai gurmin kakanka ne.
Yawon duniya ya je, ya dawo da wando."

Mun yi kulob ɗin ma'aikatan tasha daren Alhamis,
inda gumi ke ɗiga daga silin.
Mun yi biki a Sawakin, cikin kangon farin dutse,
lasifika na shan wuta daga batirin mota,
direba na tsaye kanmu yana duba agogo.
Rok muka fara, tsofaffi suka toshe kunne,
Ohaj ya juya kiɗan ya koma tafiyar raƙumi,
sai ga takubba a sama, ga ƙura, ga guɗa.
Ladanmu fam biyu da akushin wake,
ka raba biyar in ka iya lissafi.

A daren ne tsirkiyata ta huɗu ta tsinke.
Babu irinta daga nan har Khartum.
Wayar birkin keke na ɗaura.
Shekara uku tana yanka ni,
shekara uku ba wanda ya gane,
sai Mikha'il, da ya ce muryarta ta fi ta da gaskiya.

Sannan aka wayi gari kulob da kwaɗo.
Ba mu yi sallama ba, mun ɗauka na mako guda ne.
Babikir ya haye Jidda tuƙin tasi.
Mikha'il ya aiko kati sau biyu daga wata ƙasa mai sanyi.
Ohaj ya riga mu, zazzaɓin kwana uku,
ranar ce kaɗai ya yi sammako.

Tijani na nan.
Shi ke kiran sallar asuba a masallacin bayan kasuwar kifi.
Ba ma maganar da.
In mun haɗu, farashin sukari ne da ciwon gwiwa.
Amma akwai inda muryarsa ke sauka a hankali
ta tsaya kamar tana jiran wani,
ni kuwa ina bakin famfo da buta,
sai in ji babban yatsana ya motsa,
ya ba shi amsa a kan iska.

Jitar na bayan ƙofa, asu ya ci maɗaurin.
Jiya jikata ta kama hannuna tana ƙirga kanta.
Ta ce, "Kaka, wannan tabon fa?"
Na ce birki ne.
Ta ce, "Ya tsaya?"