Huhun Baba Arzika

A Jega na girma, bayan rumfar 'yan goro,
inda Baba Arzika ke jiƙa ganye tun asuba,
ya shimfiɗa, ya jera, ya lulluɓe, ya ɗaure tamau.
Yakan ce, "Kulu, goro bai tahiya tsirara,
iska kaɗai ta ishe shi ajali."

Shekarata tara ke nan a ɗakin gwajin jini,
ga ƙyanda ta shigo gari tun kafin azumi.
Daren jiya na buɗe littafi in san abokiyar gaba,
sai na iske sana'ar ubana a hannunta.

Duk abin da ta mallaka zare ne, sili ɗaya,
RNA ake ce masa,
doguwar wasiyya mai magana guda: a sake yin irina.
Zaren ba shi da ƙwari,
jikin ɗan Adam kuwa cike yake da almakashi.
In ya fito haka nan, kafin ƙiftawar ido ya zama guntaye.

Sai ta sa mai masaukinta ya ƙera mata furotin,
kowane ɗaya ya rungumi baƙi shida.
Shida. Ba biyar ba, ba bakwai ba.
Baba ma ƙirge yake yi, amma yakan sa gyara.
Ita ba ta san gyara ba.
Su jeru a kan zaren daga kai har wutsiya,
ya murɗe kamar igiyar guga,
almakashi ya zo, ya rasa wurin sa baki.

Ga abin da ya hana ni runtsawa:
ɗakin da ta sauka maƙil yake da zaren mai gida,
amma nata take naɗewa,
tun yana fitowa daga masaƙa, da ɗuminsa.
In ta gama, ta yagi bangon ɗakin,
ta yafa, ta fice.
Baba dai sayen ganyensa yake yi.

Da hantsi Ige ta kawo ɗanta, ido jajir,
ƙuraje sun taso daga bayan kunne.
Na ɗebi jini, na rubuta sunansa a kwalba,
na ce gobe ta kawo ƙannensa biyu allura.
Ta ce to.
Ta saɓa shi a baya, ta ja zane, ta ƙara majanyi,
ta ɗaure tamau.