Indararon Bayan Ɗaki

Ran Laraba mai shela ya biyo layinmu a Dukku
da lasifika mai shaƙaƙƙiyar murya:
Jauro na gaisuwa, ya ce
dokar ruwan sama uku ce bana.

Ruwan fari a bar shi ya wanke kwano,
tsatsa ce da kashin kurciya.
Randa da duro kowa ya rufe,
kada a yi wa sauro ɗakin haihuwa.
Indararon kowa ya zuba a tsakar gidansa,
wanda ya jiƙa katangar wani, tara.

Biyun farko na ce madalla.
Ta ukun ce ta tsaya mini a maƙoshi.

Indararona na bayan ɗaki
damina tara yana leƙa gidan Goggo Dudu.
Ita ɗakinta jinka ne,
ruwan da ke sauka daga bunu ja ne wur,
ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha.
Da hadari ya haɗo daga gabas
sai in ji tana jan tsohon bahonta a ƙasa, ƙurrr,
har inda kwanona ke tsiyaya.
Ba ta taɓa roƙo ba.
Ban taɓa cewa na ba ta ba.

Na kira Bappayo mai walda, ya juya bakin ƙarfe.
Duba-gari ya zo, ya ɗaga murfi,
ya ɗaga kai, ya yi rubutu, ya wuce.

Daren Asabar sama ta ɓalle.
Ina kwance ina saurare,
ban ji baho ba.
Durona ya cika, ya tumbatsa,
ragowar ta bi rariya ta fita titi
a garin da muke layin jarka tun asuba in bazara ta yi.

Da safe na sayo tiyo gaba uku,
na zura ta kafar da kajinmu ke ziyartar juna.
Doka ta ambaci indararo, ta ambaci katanga.
Katanga ga ta nan a bushe.

Jiya Jauro ya shigo gaida mara lafiya,
ya tsaya, ya bi tiyon da ido har gindin bango.
Ya ce, Hammadu, wannan macijin naka yana sara?
Na ce ranka ya daɗe, ruwa kawai yake sha.
Ya ce to, a dai rufe bakin bahon.

Daga bayan katanga muka ji ƙurrr.