Gaurakin Walimar Zuwaira

Saura kwana uku walimar Zuwaira,
ta gama makarantar ungozoma,
ni kuwa aljihuna ba ya ɗaukar balan-balan
balle fitilun nan masu ƙyafta ido.
Sai na ce zan yi tsuntsaye.
Goggo Dudu ta dube ni ta saman tabarau:
"Tsuntsu dai Allah ke yin sa."

Takarda na samo wurin Manu mai ɗab'i a Herwagana,
ragowar fastocin wani ɗan takara
da ya faɗi zaɓe bai biya ba.
Kowace ta kusa faɗin darduma.
Manu ya ce, "Kwashe, ka rage mini baƙin ciki."

Hannayen da ke koya mini a waya
ba su da fuska, ba sa magana,
takardarsu ba ta wuce tafi ba.
Su ninke, su juya, su ja,
sai ga gauraka.
Ni tawa sai da na durƙusa a kanta
kamar mai shanya barkono,
gwiwa a kusurwa ɗaya, taɓarya a ɗaya.
Na kai baki wurin baki, suka ƙi gaisawa.
Ashe kuskuren ɗan yatsa a farko
kamu guda ne a ƙarshe.

Na farko ya fito kamar kazar da ruwa ya daka.
Na biyu wutsiya biyu, babu kai.
Na uku ya yage daidai ƙirji,
na zauna ina kallon alkawarin rijiyar burtsatse
ya rabu gida biyu.

Takarda ba ta mantuwa.
Inda ka karya ta bisa kuskure
layin na nan,
ko ka lallashe shi da bayan cokali.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta.
Goggo ta fito shan iska, ta tsaya a kaina,
ta daɗe.
"Matsa. Ba haka ake kafa kari ba."
Shekara arba'in tana ninke zannuwan mutane.
Ta hura gawayi a dutsen guga,
ina kwantar da ninki, tana bi,
takarda na ƙamshin tawada mai ɗumi.
Ba ta tambayi sunan sana'ar ba,
ni ma ban tuna mata zancen tsuntsu ba.

Na bakwai ne, da na ja fikafikansa a hankali,
cikinsa ya sha iska ya buɗe,
ya zauna a tsakar gida kamar baƙon da aka sani.
Sai wuyan ya fara sunkuyawa,
girma ya yi masa nauyi.
Goggo ta zaro karan dawa daga dangan maƙwabci
ta zura masa.
"Ɗaga kai," in ji ta. Ya ɗaga.

Sha ɗaya muka yi kafin kiran assalatu.

Asabar na rataye su da zaren buhu a ƙarƙashin rumfa,
farin bayan takardar a waje,
gaurakin Gombe masu kayan asibiti.
Da iskar la'asar ta juya su
sai ga ido ɗaya na ɗan takara a ƙasan fiffike
yana leƙen masu cin masa,
ga rabin murmushinsa a wutsiyar wani.
Yara suka yi ta nuni, suna faɗuwa don dariya.
Manu ya ce yau ne mutumin ya tara jama'a.

Zuwaira ba ta tsaya wurin masu kyan ba.
Bayan randa ta zaga, inda na ɓoye na farko,
jiƙaƙƙiyar kazata mai karkataccen wuya.
Ta ɗauko shi da hannu biyu,
ɗaya a ƙarƙashin kai, yadda aka koya mata.
Na ce ajiye, wannan lalatacce ne.
Ta ce, "Yaya, ɗan fari ne.
Haka suke zuwa, da wahala."

Sauran goma sha ɗaya ruwan Litinin ya sauke su.
Shi yana kan durowarta har yau,
yana kallon silin da gefen fuska.