Telan Kan Dutse

Da keken ɗinki na hau,
kansa a kaina, ƙafafunsa a kan ɗan Gaidi,
daga inda babur ya ce ya gaji, can bayan kasuwar Koza.
Sau bakwai na tsaya ina haki.
Wata tsohuwa ta wuce ni da tulu,
ko kallo ban ishe ta ba.

A Marwa aka yanke mini cibiya,
inda ƙasa take kwance kamar tabarma.
Nan kuwa gona ba ta zama sai an tokare ta.
Dutse bisa dutse, ba siminti, ba laka,
layi bisa layi har gindin gajimare,
sai ka ce wani ya yi wa tsauni kalmasa
don kada bakinsa ya warware.

Hawadak, maƙwabcina, ya ce
kakansa ya jera na ƙasa, ubansa na tsakiya,
shi gyara ne rabonsa.
Ruwan Agusta ya rushe masa kamu goma a dare ɗaya.
Da asuba ban ji kuka ba,
sai ƙarar duwatsu da gardamar mutum tara.
Ƙasar da ta gudu kwari
mata suka kwaso ta a kwanduna,
suka mayar da ita gida kamar akuyar da ta ɓata.

Akwai sa a ɗakin duhu,
shekara biyu ana miƙa masa ciyawa ta taga.
Ranar da aka fasa bango ya fito
na ɗinka riguna goma sha bakwai,
aka biya ni da wake, da kaza mai ɗingishi,
da alkawarin bayan girbi.

Ba na shan abin da ke tulunsu, sun sani.
Sai a aiko da kunun gyaɗa a ƙoƙo daban,
a ce na Tela ne.
Da azumi Ngeleo kan kori jikokinta
in sun zo cin rogo a ƙofata.

Samari sun sauka Garwa, wasu Yawunde.
Yadi suke aikowa, ba hannuwa ba.
Gonakin can ƙoli sun fara fitar da ƙaya.

In zan kira innata
sai na hau falalen da ke bayan rumbuna, nan waya take kamawa.
Kullum tambayarta ɗaya: yaushe za ka sauko?

Ban gaya mata ba
cewa ni ma na ɗora dutse.
Hawadak ya zare shi, ya juya, ya sake juyawa,
ya ce kowane dutse da gefen da yake barci,
ya mayar mini a hannu.
Na sa shi.
Damina uku ke nan.
In na wuce da safe nakan taɓa shi da ƙafa,
in ji ko ya motsa.